Ku bar yaron nan ya buga ƙwallonsa

Jiya da la'asar na bi ta filin unguwarmu, sai na hango ɗan yayata zaune a kan dutse yana gadin takalman abokansa. Shekararsa 13. Bara aka gano yana da ciwon suga, irin wanda sai da allurar insulin kullum. Tun daga ranar uwarsa ta kafa doka: ba gudu, ba ƙwallo, ko aike mai nisa an daina yi masa.

Ban ga laifinta ba. Ta taɓa ganin sugansa ya faɗi, gumi na keto masa, hannu na karkarwa, magana ta sarƙe. Amma da na shiga gida na ce mata, "Yaya, zaman nan ma cuta ne."

Tsoka in tana aiki, zuƙar suga take daga jini, kuma insulin ya fi kama jiki har zuwa washegari. Amfanin ke nan, haɗarin ma daga nan yake. Don haka a gwada jini kafin ya shiga fili. In sugan ya yi ƙasa da 70 (a ma'aunin mg/dL na na'urar gwaji), a ba shi sukari ƙwaya huɗu ko rabin kofin lemo, a jira minti 15 a sake gwadawa. In ya haura 250 yana jin tashin zuciya, ranar ba wasa. Kada a yi allurar a cinya in gudu zai yi, don maganin zai shiga jini da sauri. Wanda iyaye suka fi mantawa shi ne dare: suga kan faɗi yaro na barci bayan wasan yamma, shi ya sa gwajin kafin kwanciya ba abin sakaci ba ne. Rage allura kuwa, wannan sai likitansa.

Abin dariyar, yaron ɗan Real Madrid ne na gani-kashe-ni. Bai san Nacho, kyaftin ɗin da ya ɗaga kofin zakarun Turai a Wembley a 2024, tun yana ɗan shekara 12 yake fama da irin ciwonsa ba. Da na faɗa masa, sai ya ce, "Kawu, rantse!"

Ranar Asabar ni zan raka shi fili, na'urar gwaji a aljihu ɗaya, dabino a ɗayan. Yaya dai ta ce za ta yi tunani.