Kayan Da a Intanet: Takaicin Cinikin da Daɗinsa

Duk mai son ya ga irin asarar da muke yi, ya je inda 'yan gwangwan ke tara kaya ya tsaya ya kalli abin da ake zazzagewa daga buhuna. Tasar tagulla aikin Bida, wadda aka buga wa zane ɗigo-ɗigo da hannu, dutsen guga na gawayi, kan keken ɗinki, tsohuwar buta, duk sikeli ɗaya ake ɗora su, kilo kaza naira kaza, daga nan sai wuta. Ba na zargin 'yan gwangwan, neman halak ɗinsu suke yi. Amma shi sikeli nauyi kawai ya sani. Saboda haka duk wanda ya ce mini saye da sayar da kayan da ta waya wasan masu ƙoshi ne, ba na yarda da shi. Ina cikin sana'ar, ta Facebook da WhatsApp nake yi, na san inda take cin rai, kuma duk da haka ina ganin ta cancanci a tsaya mata.

Ƙananan takaicin kowa ya san su. Ka rubuta farashi ɓaro-ɓaro a ƙarƙashin hoto, mutum goma su tambaye ka nawa ne. Wani ya taya, ka ce albarka, ya ƙara, ka sallama, ya ce a ajiye masa zuwa Juma'a, shi ke nan ba ka ƙara jin ɗuriyarsa ba. Ga masu turo alat na bogi. Ga kai kaya tasha: ka naɗe kwalla da tsumma, ka cusa takarda tsakanin murfi da gindi, ka roƙi direba kada a ɗora mata komai, ta isa da fenti a ɓantare saboda an danne ta da buhun albasa. Kwanon da ya shekara hamsin a jeren ɗaki bai yi ko ƙwarzane ba, tafiyar wuni ɗaya ta lahanta shi. Wannan yana da ciwo, amma ana jurewa.

Abin da ba na iya jurewa shi ne ƙaryar da ta dabaibaye kasuwar, domin ita ce ke kashe ta.

A ɗauki liyari, kuɗin azurfar nan mai hoton mace da kakanninmu mata ke ratayawa ko su ba maƙeran fari a ƙera musu munduwa. Kusan kullum sai na ga wani ya saka hotonsa ya rubuta cewa ya haura shekara ɗari biyu, ga shaida nan 1780 a jiki, miliyan kaza. Matar da ke jiki Mariya Teresa ce, sarauniyar Ostiriya, kuma a 1780 ta rasu. Bayan rasuwarta an ci gaba da buga kuɗin da wannan shekarar ba a canza ba, saboda fatake a ƙasashen Larabawa da Habasha da nan Afirka ta Yamma shi suka sani, shi suka amince da shi. An buga shi a Biyana, babban birnin Ostiriya, an buga a Landan da Faris da Rum da Bombay, ɗaruruwan miliyoyi, kuma har yau ana buga shi. Nauyinsa wajen giram 28 ne, azurfar cikinsa kashi 83 cikin ɗari. Abu ne mai kyau, mai tarihi, mai daraja. Amma lambar da ke jikinsa ba ita ce shekarar da aka buga shi ba. Wani mai sayarwar bai sani ba, wani kuma ya sani sarai.

Haka batun anini da ɗari da kwabo masu huda a tsakiya, na zamanin Turawa, masu tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci. An buga su da yawan gaske, kuma da aka koma naira da kwabo ranar 1 ga Janairu 1973, sun yi ta zama a gwangwanaye da ƙasan adaka a gidaje. Yawancinsu kuɗinsu kaɗan ne. Sai wani ya yi bidiyo a TikTok ya ce duk mai irin wannan ya yi arziki, washegari saƙonni su cika maka waya. Ka gaya wa bawan Allah gaskiyar farashi, ya ɗauka so kake ka cuce shi.

Mafi muni shi ne labarin jan makuri. A 2009 jita-jita ta game Saudiyya cewa akwai wani sinadari mai tsadar gaske, wai shi jan makuri, a cikin tsohon keken ɗinki Singer, har mutane na kara waya kusa da allura wai su gani ko sabis zai ɗauke. Babu komai a ciki, amma labarin bai mutu ba, yana ta yawo yana sauya riga. Yau keken ɗinki ne, gobe tsohuwar rediyo, jibi dutsen guga. An farfasa kekuna lafiyayyu ana neman abin da babu, kekunan da tela zai iya ɗinki da su wasu shekaru talatin.

Ku duba abin da wannan ƙarya ke haifarwa. Mai kaya ya ƙi sayarwa a kan farashin gaskiya saboda an cika masa kunne da miliyoyi. Ya ɓoye abin yana jiran wani Bature da ba zai zo ba. Rai ya yi halinsa, 'ya'ya su zo sharar ɗaki, su kira mai baro ya kwashe. Shi kuma mai saye na gaskiya, wanda aka taɓa sayar masa da sabuwar tasa da aka jiƙa a wani ruwa ta yi baƙi, ya daina yarda da kowa, har da mu.

A ɓangarenmu ma akwai abin faɗa, kuma ba zan rufe ba. Mu masu sayarwa muna da waya, muna ganin abin da kaya ke yi a Abuja da Legas da eBay, kasuwar intanet. Tsohuwar da dillaliya ta karɓo mana fanteka daga ɗakinta ba ta ganin wannan farashin. Ka ba ta kuɗin goro, ka ninka sau ashirin da yamma, ka kira wannan iya kasuwa? Ni ban ga bambancinsa da ha'inci ba. Riba halak ce, kuma ɗawainiyar nema da gyara da ɗaukar hoto da jiran mai saye wata da watanni duk abin lissafi ne. Amma Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce idan mai saye da mai sayarwa suka yi gaskiya suka bayyana, za a sa musu albarka a cinikinsu. Bayyanawar ba ta tsaya ga nuna tsaguwar akushi a hoto ba. Ta haɗa da ka ce wa tsohuwa, "Hajiya, wannan ya fi abin da kika faɗa daraja." Sannan akwai kayan gado da ba a raba ba, da yaran da ke zare kaya daga ɗakin kaka ba ta sani ba. Idan yaro ya kawo mini rigar tsamiya mai aska takwas, sai na yi magana da babba a gidansu kafin mu yi ciniki. Wasu daga nan ba sa dawowa.

Akwai kuma iyaka ta doka da da yawa ba su sani ba. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta sanya aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihi, waɗanda ba kowa aka yarda ya yi cinikinsu ba, kuma ba a fita da su waje sai da izinin hukumar. Gumakan yumɓu na Nok da aka yi ta tonowa ana sacewa sun isa darasi. Abin da ya fi taɓa ni shi ne tsofaffin littattafai rubutun hannu. Na ga an kwance Alƙur'ani daga gafakarsa ana tallar shi warƙa-warƙa, don a sa a firam a rataye a falo. Irin wannan ba na saye, ba na dillancinsa. Wanda ya gaji irinsu kuma ba zai iya adanawa ba, ya fara da Gidan Makama a Kano, ko Gidan Arewa a Kaduna, ya nemi shawara.

To mene ne daɗin? Kuɗi akwai, daidai rufin asiri, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin da ya riƙe ni ya wuce kuɗin.

Wata baiwar Allah da ke aure a Ingila ta daɗe tana neman samira mai wani irin fure ja da ruwan ƙwai, irin wadda ke jeren mahaifiyarta kafin a rabar da kayan. Ba ta da hoto, da baki ta kwatanta mini. Da aka dace na samu saiti a wajen wata dillaliya, na tura mata hoton, sai ta kira ni. Ta ce in kifa babbar in nuna mata gindinta, in ƙwanƙwasa murfin ta ji ƙararsa. Na ƙwanƙwasa. Ta ce, "Malam, ita ce," ba ta ko taya ba. A kasuwar Kurmi, wadda ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, sai mai nema ya tako da ƙafarsa. Waya ta sa wadda ke wata duniya ta iya neman kwanon uwarta.

Ga ilimin da ake samu kyauta. Ka saka hoton wani ƙarfe da ba ka gane ba, kafin la'asar wani dattijo a Damagaram ya gaya maka na sirdin doki ne, wata a zangon Kumasi ta ce kakanta na da irinsa. Ta haka na fara bibiyar tarihin kuɗi, har na san cewa Sarki Edward na takwas, wanda ya sauka daga gadon sarautar Ingila a 1936 bai cika shekara ba, ba a kashe kuɗi mai sunansa a ƙasarsa ba, amma a nan Afirka ta Yamma an kashe kwabo mai huda da sunansa a jiki. Shi ma ba tsada gare shi ba, amma ka riƙe shi a tafin hannu ka san wannan labarin, wani abu ne. Sannan sana'ar na tayar da wasu sana'o'in da suka kusa kwanciya. Mai gyaran agogo da ya iya buɗe Seiko mai aiki ba batir, mai gyaran rediyo, mai ɗinkin hannu da zai iya kama rigar saƙi ba tare da ya ɓata ta ba, duk yanzu ana nemansu, kuma yawancinsu sun manyanta.

Roƙona ga wanda ke da irin waɗannan kaya a gida: don Allah kada a wanke. Kada a goge tagulla da toka da lemon tsami, kada a kankare tsohon kuɗi don ya yi ƙyalli, kada a sake wa keke fenti. Wannan duhun da shekaru suka sa masa, shi masani ke dubawa, kuma in ya tafi farashi ya faɗi. A ɗauki hoto da rana, gaba da baya da ƙasa, a nuna duk inda ya fashe ko ya lotsa, a tambayi mutum biyu ko uku kafin a sallama. Idan mai kayan tana raye, a zauna da ita a tambaye ta wa ya saya mata, a wace kasuwa, lokacin wane sarki, me ake zubawa a ciki. Saƙon murya na minti biyu ya isa. Idan ta yarda, ina haɗa shi da kayan in tura wa wanda ya saya.