Sati bakwai ina jiran robar da ba ta kai ɗan yatsa ba, ƙarshenta ma dariya aka yi min

Wallahi yau raina ya ɓaci iya ɓaci, in ban rubuta ba barci ba zai ɗauke ni ba. Waɗanda suka san ni sun san ina da wata ƴar motar rimot, ba irin ta kantin kayan yara da ake sa wa batirin tocila ba, irin mai tsere a ƙasa da rairayi ce da ake kira bagi, sikelin 1/14, wato girmanta ɗaya bisa goma sha huɗu na motar gaske, taya huɗu duk suna ja, da shok ɗinta mai mai a ciki da giya da komai kamar motar gaske. A kwali sun rubuta tana kilomita 60 a awa. Tun 2021 na saye ta, ni da yarona muke fita da ita filin ƙwallon bayan layinmu ran Asabar da yamma, kuma ita ce kaɗai abin da nake yi don jin daɗin kaina. Ba na shan sigari, ba na zaman majalisa har tsakar dare, ba na bin gidan kallo. Ita ke nan.

To abin da ke gudu haka a filin da duk duwatsu ne da kututture dole ya dinga karyewa, wannan ba laifin kowa ba ne. Abin da ya fi karyewa shi ne hannun ƙasa na gaba, wanda makanikai ke ce wa lowa am, wata ƴar robar nailan ce da ba ta fi tsawon yatsana ba. A can inda ake yinta kuɗinta bai kai na farantin shinkafa ba. A nan kuwa sai ka yi oda ka zauna zaman jiran tsammani.

Ba irin dabarar da ban yi ba kafin in haƙura da oda. Supa gulu, ba ya kama nailan. Aradai, ya riƙe minti biyu ya saki. Na kai wa mai gyaran rediyo ya ce in kai wa mai gyaran waya, mai gyaran waya ya ce ai wannan aikin masu walda ne, mai walda ya jujjuya ta ya ce Malam ai roba ce. Daga nan na yi abin da duk sabon shiga ke yi, na ga hoton kayan alminiyam masu sheƙi shuɗi da ja na ce shi ke nan na rabu da karaya, na zuba kuɗi na sayo. Ashe garin neman gira zan rasa ido. Roba in ta daki dutse lanƙwasa take yi ta dawo, in abin ya fi ƙarfinta ta karye ita kaɗai ta ceci sauran motar. Shi kuwa alminiyam ba ya dawowa, lanƙwashewa yake ya zauna a haka, ƙarfin dukan kuma ya wuce ciki ya fasa gidan giya wanda ya fi shi tsada da wahalar kwancewa. Haka na koma roba da kunyata. Har tafasa su nake yi a tukunya kafin in ɗaura don nailan in ya sha ruwa yana rage saurin karyewa, ranar farko Maman yara ta buɗe tukunya ta dube ni ta ce Abbansu wannan kuma da wace miya za a ci.

Ga ƙurar hunturu da ke cinye boris, sai ka ji taya na ƙara kamar injin markaɗe, dole ka nemi masu murfin roba ba na ƙarfe ba. Ga zafin Afrilu da ya ƙona min injin farko mai burushi, irin burushin nan na janareta ne a ciki amma ƙanana. Na sa inji marar burushi, gudu ya ƙaru, ana kukan targaɗe sai ga karaya, haƙoran giya suka zube suka koma gari, sai na nemi na ƙarfe, su kuma suka fara murɗe shaf. Kowane gyara sai ya haifi ɗan'uwansa. Duk wannan na jure don ni na sa kaina.

Amma abin da ya faru yau ba ni na sa kaina ba.

Sati bakwai da suka wuce na haɗa oda guda: hannun gaba guda huɗu, shok biyu, ƴar kwalbar man shok na silikon don man keken ɗinki da na gwada yoyo kawai yake yi, boris, da batirin LiPo, wato na litiyam mai caji, guda biyu saboda nawa ɗaya ya kumbura kamar fanke. Na bi ta wajen wasu masu kago da ke kawo wa ƴan kasuwa kaya daga Chana, ba zan faɗi sunansu ba. Tun farko na gaya musu akwai batir a ciki, don na san tun Afrilun 2016 aka hana loda batirin litiyam a matsayin kaya a jirgin fasinja, akwai hanyarsa daban. Suka ce ba matsala, akwai ƙarin kuɗi. Na biya, rasit na nan a wayata. Sati biyu in ji su.

Yau bayan azahar na hau benensu. Ofis cike da mutane, masu karɓar dilar takalma, masu kwalin caja, fanka ba ta juyawa. Yaron da ke kan kanta wallahi na haife shi, abu a kunne, yana danna waya yana murmushi shi kaɗai. Na yi sallama, shiru. Na sake, shiru. A ta uku ya zare abin kunne ɗaya, ɗaya tak, ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Lamba."

Na karanto masa. Ya shiga ciki ya fi minti ashirin, ya fito da wata leda da ta yi lamɓas kamar tirela ta bi ta kai, duk ta jiƙe da mai. Ya jefa a sikeli. Giram 200 da ƴan kai. Ya ce, "Kuɗin kilo ɗaya za ka biya, da kuɗin ajiya na kwana tara."

Na ce, "Samari, ajiyar me? Jiya ma na kira ku aka ce kaya bai sauka ba."

Ya ce, "Ni dai abin da ke kwamfuta nake gaya maka."

Na haɗiye. Na ce to ina batir, don ledar nan ba nauyin batir a cikinta. Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni sama da ƙasa, ya sa biro ya farke ledar a gaban kowa, ya zazzage kayana a kan kanta kamar ɗan sanda ya kama mai ƙwaya. Kwalbar mai ta fashe, shok ɗaya sandarsa ta lanƙwashe. Ya ɗauki hannun roba ɗaya da yatsa biyu ya ɗaga sama yana juya shi, ya ce da ƙarfi yadda har na bakin ƙofa zai ji, "Baba, wai dama a kan wannan kake damun mu da waya kullum? Wallahi na ɗauka injin asibiti ne. Ashe kayan wasan yara ne."

Aka kwashe da dariya. Wani mai dilar takalma har da tafawa. Wani dattijo a gefe ya ce Allah ya shirya, ban san ni yake roƙa wa shiriya ba ko yaron, amma ni yake kallo.

Na ce, "Ɗan nan, kuɗin da na biya ku na wasa ne? In na wasa ne ku dawo min da shi in je in yi wasan da shi a gida."

Ya ce, "Batir ba ya hawa jirgi Baba, kowa ya sani."

Na ce, "Na sani, shi ya sa na biya kuɗin hanyar batir, ga rasit."

Ko kallon wayar bai yi ba. "Sai dai ta ruwa. Wata uku, in Allah ya so."

"Kuɗin da na ƙara fa?"

"Sai oga ya zo."

"Yaushe zai zo?"

"Yana Gwanju, can Chana."

Madalla. Oga yana Gwanju, batir yana Gwanju, kuɗina yana Gwanju, ni kaɗai ne a Kano. Na nuna masa shok ɗin da ya lanƙwashe na ce wannan fa, a ƙarƙashin dilar wa kuka danne shi, ya ɗaga kafaɗa ya ce ai ba su suka ƙera ba, kuma wai in ba na so in bar kayan akwai ƙannensa a gida za su yi murna. Sannan ya mai da abin kunnensa ya ce na gaba. Kuma na biya fa jama'a, kilo ɗayan da ajiyar duka na biya, na tattara ƴan robobina da hannu duk mai na zuba a aljihun riga don ko sabuwar leda bai ga na cancanta ba.

Ina saukowa daga benen nake tambayar kaina wai me ya kai ni hannun yaron nan tun farko. Ai da kaina nake oda da katin banki kafin 2022, sai bankuna suka mai da abin da za ka kashe a waje dala 20 a wata, daga baya ma da yawansu suka rufe hanyar gaba ɗaya, aka tura mu hannun dillalai. Aka zo Yunin 2023 aka saki naira, dalar da ake lissafawa wajen 460 a hukumance ta haura 1,500 kafin Fabrairun 2024 ya fita, robar da nake saye ba tare da tunani ba yanzu sai na yi lissafin kuɗin makarantar yara tukuna. Batirin nan da ya kumbura kuwa ku tambayi wuta. LiPo ba ya son wasa, kowane sel da ke cikinsa iyakarsa volt 4.2, in za ka ajiye ka bar shi wajen 3.8, kar ya sauka ƙasa da 3. To ta yaya za ka bi wannan ƙa'ida a gidan da ake kawo wuta ƙarfe biyun dare a ɗauke kafin asuba? Ko ka cika shi ka bar shi a zafi kwana da kwanaki don ba ka san ranar dawowarta ba, ko ka tashi tsakar dare kana gadin caja kamar mai jinya. Suka ce masu wutar Band A naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, mu ko a wane band muke oho, kuɗin dai muna gani.

Abin da ya fi ci min rai ma shi ne a Kano nake. Garin da ke da Sharaɗa da Bompai da Challawa, garin da ake narka roba a yi buta da bokiti da silifa a loda har Nijar da Chadi, amma roba mai tsawon yatsa da huji uku sai ta tsallako teku. Masana'antar ƙarfe ta Ajakuta tun 1979 ake ginin ta, na girme ta da kaɗan, ni na yi furfura ita ko ƙusa ban taɓa saye an ce tata ba ce. A Kaduna tun 1975 ake haɗa Peugeot, yau ina masu yin ƙananan kayan da suka kamata su taso a gefenta? Je ka Panteka ka ga abin da mutane ke ƙerawa da guduma da wuta da basira tsagwaronta, ba lantarki ba bashi ba kowa, ka ba su injin sassaƙa ƙarfe na zamani da wuta tsayayya ka ga in zan sake hawa benen wani. Kamfanin Tamiya na Japan ya fito da wata bagi mai suna Hornet a 1984, suka sake fito da ita a 2004, mutum ya yi wasa da ita yana yaro ya girma ya saya wa ɗansa kuma ya sami kayan gyara. Can ba wanda zai ɗaga robarka sama ya tara maka jama'a.

Mu kuwa mun iya raini. Dukkanmu nan mun yi motar kara da ta langa-langa muna yara, mu yanka silifa mu yi taya, mu lanƙwasa waya mu yi sitiyari, wasu har da shok na roba suke sa mata. Sai ka kai shekara goma sha biyu a ce ka girma ka daina shirme, shi ke nan an kashe abin. Amma ƙato mai ƴaƴa shida ya kwana yana musu a kan Arsenal da Chelsea har a ba hammata iska, wannan ba wasan yara ba ne, wannan harkar manya ce. Yarona shekararsa goma sha ɗaya ya san yadda ake sa ƴar takarda tsakanin ƙaramar giya da babba don a daidaita haƙora, ya san dalilin da ya sa ake ɗiga ruwan ɗaure noti a sukurun da ke shiga ƙarfe, ya iya kwance difarenshiya ya wanke ya mayar. A makarantarsu ko sukurudireba ba a taɓa ba shi ya riƙe ba, kuma duk shekara sai a hau mumbari a ce mana kimiyya da fasaha.

Da magariba muka ɗaura hannun gaban da fitilar waya, shi yana haska min. Shok ɗin na daddaka shi a hankali a kan katako ya ɗan miƙe amma yana cijewa, man kuma rabin kwalba na tsira da shi daga cikin leda. Batir ɗaya ya rage mai lafiya, shi ma babu caji, wuta tun shekaranjiya. Ya ce Abba ran Asabar za mu fita ko, na ce masa je ka tambayi oga, yana Gwanju.