Bovingdon: inda Amurka ta buɗe makaranta ana tsakiyar yaƙi

A watan Agustan 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, rukunin jiragen yaƙin Amurka na 92 ya iso Birtaniya da manyan jiragen jefa bam na B-17 sababbi fil, bayan ya ƙetare Tekun Atlantika daga Gander zuwa Prestwick ba tare da yada zango ba. Samarin sun zo da zumuɗin yi wa Hitila ruwan bama-bamai. Sai manya suka karɓe sababbin jiragen suka miƙa wa rukuni na 97, aka bar su da tsofaffi, aka zaunar da su a filin jirgin Bovingdon da ke gundumar Hertfordshire, kusa da Hemel Hempstead. Sun ɗan fita farmaki kaɗan, amma ainihin aikin da aka ɗora musu shi ne koyar da waɗanda za su biyo bayansu. Nan aka kafa cibiya ta 11 ta shirya sababbin ma'aikatan jiragen yaƙi, wadda ta yi aiki har zuwa Satumban 1944.

Ba ni da nisa da wurin. Yau gidan yari ne ya cinye wani ɓangarensa, jiragen fasinja kuma suna shawagi a samansa suna jiran layin sauka a Heathrow. Abin da ya riƙe ni a tarihinsa shi ne lokacin da aka yanke wannan shawara. Farmakin farko da manyan jiragen Runduna ta Takwas ta sojojin saman Amurka suka kai, a Rouen da ke Faransa ranar 17 ga Agustan 1942, jirage 12 kacal suka yi shi. Ana cikin wannan ƙarancin aka cire rukuni guda cur daga fagen fama don ya zama makaranta.

Kuma ba jahilai ake koyarwa ba. Kowane matuƙi ya zo da takardar shaidarsa daga Amurka. Sai dai yawancinsu sun koyi tuƙi ne a sararin da ya yi garau kamar na Texas, ga shi sun tarar da ƙasar da girgije ke rufe ta kwana da kwanaki. Dole a koya musu yadda gomman jirage za su tashi ɗaya bayan ɗaya, su ratsa hazo, su haɗu a sama ba tare da sun yi karo ba. Dole su iya tafiya a matse, fiffike kusa da fiffike, don bindigogin kowane jirgi su kare maƙwabcinsa. Ga ka'idojin rediyo na Birtaniya, ga gane jirgin abokin gaba daga nesa, ga sanyin da ke kaiwa digiri 40 ƙasa da sifiri, wanda in mai bindiga ya cire safar hannu fatarsa za ta manne wa ƙarfe. Mutum goma ne a cikin kowane B-17, sakacin ɗaya kuwa ya isa ya tafi da tara. Daga baya waɗanda suka cika farmaki 25 da aka ƙayyade wa kowane ma'aikacin jirgi suka tsira suna cikin masu tsayawa gaban allo.

Wannan ɗabi'a tana nan a wuraren aiki na nan Birtaniya. Ma'aikaciyar jinya ta zo daga Kano ko Zariya da shekara goma a bakin aiki, amma ba za a sakar mata ɗakin marasa lafiya ba sai ta yi makonni tana bin wata a baya. Da yawa daga cikinmu muna ɗaukar haka raini, wani lokacin ma da ƙanshin rainin a ciki. Duk da haka na fi yarda da shi a kan yadda muke yi a gida, inda za a tura sabon malami ko jami'in lafiya ƙauyen da bai taɓa takawa ba, a miƙa masa makulli a ce Allah ya ba da sa'a. Wanda ke wurin kafinsa ya riga ya kama gabansa, bai bar ko takarda ɗaya ba. In aka ce bita, hankali na kan kuɗin zama da shinkafar rana. In kuma aka tura gogaggen ma'aikaci sashen horarwa, abokansa jaje suke zuwa yi masa, don kowa ya san ba maiƙo a wurin.

Abin takaicin, ba baƙon tunani ba ne a wurinmu. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro ba sa sakin yaro a hanya da jakunansa, sai ya bi ayari a ƙarƙashin madugu ya san mashigin kowane kogi. A yaƙin nan ma kakanninmu na runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sai da aka tsayar da su a Indiya suka ƙara horo kafin su shiga dajin Boma. Jiragen Amurka masu zuwa Masar da Indiya kuwa a Kano da Maiduguri suke shan mai, don haka yaƙin saman bai yi mana nisan da muke zato ba.

Kada a ce na mai da Bovingdon maganin komai. Ranar 14 ga Oktoban 1943 jirage 291 suka tashi kai farmaki Schweinfurt da ke Jamus, 60 ba su dawo ba, kuma ba horo ne ya tsayar da irin wannan asara ba, sai da aka samu ƙananan jiragen rakiya masu dogon zango irin su P-51. Runduna ta Takwas ta rasa mutum kusan 26,000 kafin a gama. Abin da ake koyarwar ma, in an tuɓe masa riga, jefa bam ne a kan garuruwan da ke da mata da yara.

Amma uzurin da nake yawan ji daga manyan ma'aikatanmu, wai ba mu da isassun hannu balle mu ware wasu su koyar, shi ne wanda wannan tarihi bai bar masa wurin tsayawa ba. Rukuni na 92 bai koma fagen fama sosai ba sai a watan Mayun 1943, wata tara bayan isowarsa, kuma ko da ya tashi zuwa Alconbury sai da ya bar wasu mutanensa a Bovingdon suna ci gaba da karɓar sababbin zuwa.