Wai Waƙa Ji Ake Yi, In Ji Ma'aikacinsu

Jiya da daddare wani yaro, ma'aikacin kamfanin manhajar da nake jin waƙa da ita, wanda ban taɓa ganin fuskarsa ba, ya koya mini yadda ake sauraron waƙa. Ni da na fara tara waƙoƙi a kwamfuta tun zamanin da sai ka yi zaman jira kafin guda ɗaya ta gama sauka, ni aka rubuta wa, "Malam, waƙa ai ji ake yi, ba kallo ba." Har yanzu in na tuna sai in ji zuciyata tana tafasa.

Abin da na nema bai taka kara ya karya ba. Manhajar da nake kunna waƙa da ita, wadda nake biya wa kuɗi duk wata, tana da zanen launukan nan da ke rawa da kiɗa. In ganga ta buga ya kumbura, in murya ta yi sama ya tarwatse, in kiɗan ya lafa shi ma ya kwanta. So nake ya cika allo. Shi ke nan fa. A da, danna shi sau biyu kawai nake yi ya mamaye ko'ina. Sai masu manhajar suka turo sabuntawar da babu wanda ya roƙe su, na wayi gari na tarar an cusa zanen cikin wani ɗan akwati a kusurwa, bai fi tafin hannu ba. Sauran filin kuwa an cika shi da hotunan mawaƙan da ban sani ba, da rubutun wai suna ganin zan so wannan, zan so wancan.

Babu abin da ban gwada ba. Na danna F11, tagar ta buɗe ta cika allo, amma ɗan akwatin yana nan yadda yake, baƙin filin da ke kewaye da shi ne kawai ya ƙaru. Na haɗa Alt da Enter, shiru. Na jona kwamfutar da talabijin ta wayar HDMI, na ja gefen tagar da hannu har zanen ya ɗan faɗaɗa, amma sandar maɓallan tana nan a ƙasa ta ƙi ɓacewa, kibiyar linzami kuma ta kafe a tsakiyar hoton. Da na taɓa wani abu a allon kwamfutar, sai na talabijin ya tsuke ya koma gidan jiya. In kuma na haƙura na bar shi, bayan 'yan mintoci allon ya yi duhu ya yi barci, domin manhajar ba ta ma iya gaya wa kwamfuta cewa akwai mai kallo ba.

Sai na shiga sashen taimakonsu. Na fara da na'urar da ke amsa saƙo, wadda duk abin da ka rubuta sai ta tambaye ka ko ka manta kalmar sirrinka. Da ƙyar na samu aka haɗa ni da ɗan Adam.

"Barka da dare, Malam. Da me zan taimaka maka?"

Na yi masa bayani dalla-dalla, har da hoton allon na tura masa, na zagaye ɗan akwatin da ja. Ɗigogin nan uku da ke nuna mutum yana rubutu suka fito, suka ɓace, suka sake fitowa. Na ce a raina, yauwa, wannan tunani yake yi.

"Ka gwada kashe kwamfutar ka sake kunnawa?"

Na ce na yi.

"To ka sabunta direban katin hotonka."

Na ce direban, wato manhajar da ke sarrafa sashen kwamfuta mai fitar da hoto, a sabunce yake, kuma ga shi bidiyo yana cika allo lafiya lau a cikin wannan manhajar, don haka matsalar ba daga katin take ba.

"To ai manhajar tana aiki ke nan."

Na ja numfashi. Na ce, ɗan'uwa, bidiyo daban, zanen kiɗa daban, a kan zanen nake magana.

"Sauti yana fita?"

Na ce yana fita.

A nan ne ya sako mini maganar. "To Malam, waƙa ai ji ake yi, ba kallo ba." Ya kuma manna mata 'yar fuskar nan mai murmushi a ƙarshe. Wannan murmushin ya fi maganar cin rai. Wato ya faɗi hikima, ya warware matsala, yana jiran in yi godiya. Allah sarki, ashe duk shekarun nan da ido nake ta ƙoƙarin jin waƙa, sai jiya Allah ya haɗa ni da masani.

Na danne zuciyata na rubuta masa cewa ba ni na ƙirƙiro abin nan ba. Su suka saka shi a manhajarsu, su suka yi tallarsa da hoton allo cike da launi, a kan haka na fara biya. Ɗigogin suka daɗe suna rawa.

"Eh, an mayar da cika allo zuwa babban tsari. In kana so in turo maka inda za ka ƙara kuɗi."

Ku duba fa. Ashe tun gaisuwar farko ya sani. Ya san babu abin da ya lalace a kwamfutata, ya san da gangan suka toshe abin, amma ya sa ni kashewa da kunnawa, ya tura ni wajen direba, ya yi mini wa'azi a kan amfanin kunne, sai da ya ga na ƙi tafiya sannan ya fito da farantin bara. Ina cikin rubuta amsa sai ga "Akwai wani abu kuma, Malam?" Kafin in kai ƙarshen jimla an rufe hirar. Sai ga taurari biyar sun bayyana, wai in faɗi yadda na ji daɗin hidimarsu. Su taurarin kuwa, sun cika allo tsaf.

Akwai abin da ban gaya masa ba, don ban ga dalilin da zai sa in buɗe wa baƙo cikin gidana kafin a ba ni abin da na biya ba. Ƙanena ba ya ji sosai. Ƙananan sautuka ba sa isa gare shi, amma in an kashe fitila zanen ya cika talabijin, yana bin kiɗan da ido, yana kaɗa kai daidai inda ganga ta faɗi. Akwai irinsa da yawa a duniya. Akwai kuma wanda kunnensa garau, kawai so yake ya zauna ya huta yana kallon launi bayan wahalar yini, kuma shi ma ba sai ya kawo takardar likita ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, wannan ba sabuwar fasaha ba ce da za a ce ana neman mayar da kuɗin bincike. Tun 1977 kamfanin Atari ya fitar da wani akwati mai suna Atari Video Music, ka jona shi tsakanin na'urar kiɗa da talabijin, siffofi masu launi su cika fuskar talabijin suna bin sauti. Manhajar kunna waƙa ta Winamp ta fito a 1997. A 2001 Ryan Geiss ya fitar da MilkDrop, wani zanen launuka mai bin kiɗa, a cikinta, kuma kwamfutocin wancan lokacin, waɗanda wayar da ke aljihunka yau ta fi su ƙarfi nesa ba kusa ba, suna nuna shi a cikakken allo. A Windows Media Player, Alt da Enter ne kawai. A VLC, wadda kyauta ce, ka zaɓi zanen a ƙarƙashin sashen sauti ka danna F. Masu aikin sa kai ma sun sake gina irin MilkDrop da sunan projectM suka bar wa duniya. Lissafin da ke ƙarƙashin abin kuwa ya girmi kakanninmu. Manhaja tana yanka sautin ne gutsure-gutsure, ta rarrabe mai kauri da siriri ta hanyar lissafin Joseph Fourier, Bafaranshen da ya rasu a 1830, sannan ta ba kowane kaso motsinsa. Hanyar yin lissafin cikin sauri kuma tun 1965 masana lissafi Cooley da Tukey suka wallafa ta. Wahalar duk tana nan, kuma manhajar tawa tana yin ta a cikin ɗan akwatin. Faɗaɗa hoton shi ne mafi sauƙi a cikin aikin, shi ne kuma suka sa wa kwaɗo.

Na san wani zai ce, to ka koma waɗancan mana. Da me? Jerin waƙoƙin da na shafe shekaru ina shiryawa yana hannunsu. Waɗanda na sauke ba sa buɗuwa sai a manhajarsu. Sun san haka, shi ya sa yaronsu yake da bakin yi mini murmushi. Kuma ni a ganina ba ƙarin kuɗin ne kaɗai dalili ba. Allon da launi ya cika ba shi da gurbin talla, ba shi da inda za a cusa maka mawaƙin da ake son ka danna. Mutumin da ya zauna shiru yana kallon kiɗa, asara ne a wurinsu.

In ka sayi mota, aka lallaɓo cikin dare aka cire mata madubi, da safe aka ce ka biya a mayar, kowa ya san sunan wannan aikin. Amma in a manhaja aka yi, sai a kira shi sabuntawa, har a turo maka saƙo wai an inganta maka. Ina hukumomin da aka kafa don kare mai saye? Suna nan da ofisoshi da motoci da taron bita. Tarayyar Turai dai tun 2019 ta yi doka cewa in kamfani ya canza kayan intanet ɗin da kake biya ta yadda canjin ya cutar da amfaninka sosai, kana da damar soke yarjejeniyar ba tare da tara ba. Ko ba komai an san akwai matsalar. Sauran gwamnatoci kuwa, in dai maganar manhaja ce, ba sa farkawa sai ranar da za a saka mata haraji ko a toshe ta.

Mu ma da namu. Muna danna "Na yarda" a ƙarƙashin shafukan da babu wanda ya taɓa karantawa, a ciki kuwa an rubuta cewa suna iya cire duk abin da suka ga dama a ranar da suka ga dama. Da na ba abokaina labari, dariya suka yi. "Kai ma dai, a kan launi kake ta da jijiyar wuya?" Ɗaya daga cikin masu dariyar, kwanan baya aka hana shi tsallake waƙa sai ya biya, ya kuma biya bai ce uffan ba. Wani an rage masa ingancin sauti, ya ce ai kunnensa ne. Kowa an yage masa wani abu, kowa ya lulluɓe ya yi shiru, wanda ya buɗe baki shi ne mai neman rigima. Su kuma masu yin dokar, yawancinsu hadimi ne ke riƙe musu waya, shi ke biyan kuɗin watan, shi ke kunna musu abin da suke so. Wanda bai taɓa zama gaban allo yana jiran ɗigogi uku su gama rawa ba, ta ina za ka fara yi masa bayanin an tsuke maka hoto?