Wai dalar gyaɗa ana hawanta?

Jiya da daddare 'yata ta aji ɗaya a ƙaramar sakandare tana aikin gida, kawai sai ta ɗago kai ta ce min "Abba wai dalar gyaɗa a wace unguwa take, ita ma ana hawa kamar dutsen Dala?" Na yi dariya har ta ji haushi, amma wallahi daga baya dariyar ta koma ciki, don yarinyar nan haifaffiyar Kano ce, kakanta na wajen uwa da awon gyaɗa ya gina gidan da take zuwa yawon sallah, kuma ba laifinta ba ne, babu wanda ya taɓa zaunar da ita ya faɗa mata, har ni ɗin da nake dariyar.

Abin da ke damuna shi ne ko an tashi koya wa yaranmu tarihin Kano to jerin sarakuna ne, Bagauda, wane ya gaji wane, wane ya yi shekara kaza, a haddace a rubuta a jarrabawa a manta. Ba na raina wannan fa. Amma yaro zai gama makaranta bai san da me garin ya ci abinci ba tsawon ɗaruruwan shekaru, bai san me ya sa Balarabe da Buzu da Banufe da Bayarabe suka baro garuruwansu suka tare a nan ba. Ai ba iska suka zo sha ba.

Kuma abin haushin littafin yana nan a buɗe a sunayen unguwanninmu. Dukawa, Soron Ɗinki, Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Ayagi, Dandalin Turawa, kowanne ka taɓa sana'a ce ko baƙin da kasuwa ta kawo. Turawan Dandalin ma Larabawan arewacin Afirka ne, tun kafin a san Nasara a ƙasar nan. Fagge nan ayarin raƙuma ke sauka. Kasuwar Kurmi tun zamanin Muhammadu Rumfa take, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, yau shekara 500 da ɗoriya ana ciniki a wuri ɗaya, amma ka tambayi yaran da ke ratsa ta kullum a adaidaita sahu ka ji amsa.

Watannin baya na kai ƙannenta maza biyu marinar Ƙofar Mata, ita ba ta je ba ranar. Wani dattijo muka tarar a bakin rijiyarsa ya tsuguna yana tsoma ƙyalle yana ɗagowa, hannunsa ya rine har gwiwar hannu, na ce Baba sannu da aiki, jikokinka na kawo su ga sana'a. Ya ce su matso. Ya nuna musu baba da toka, ya ɗago ƙyallen suka ga ya fito kore-kore, yana shan iska yana komawa shuɗi a gaban idonsu, ƙaramin ya ce "Baba sihiri ne?" tsohon ya kusa faɗawa rijiya don dariya. Har yau yaron nan in ya ga shuɗiyar riga sai ya yi min bayanin yadda ake yi. Minti 20 kenan fa. Da a allo aka rubuta masa da tuni ya tashi.

To wannan rinin da muke gani kamar kayan nuna wa 'yan yawon buɗe ido shi ne ƙashin bayan arzikin Kano a da. Baturen nan ɗan Jamus Heinrich Barth da ya zo a 1851 abin da ya fi ɗaukar hankalinsa tufafin da ake saƙawa a rina a nan ne, ana kai su har Timbuktu da Tarabulus. Auduga a gonakin ƙauye, mata su kaɗa zare, masaƙa su saƙa, marina su rina, mabuga su buga har ya yi ƙyalli, maɗinka su ɗinka, dillali ya haɗa da mai saye, fatoma ya sauki baƙo. Kura ta yi suna da baƙin rawani mai sheƙi wanda Buzaye ba sa wasa da shi. Ga fatar jar akuya da ake jemewa a nan ta bi ta Sahara, can Turai su kira ta fatar Maroko don ta hannun can ta iso musu. Ga fatake Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari da ke tafiyar watanni zuwa Gwanja, a arewacin Ghana ta yau, su ɗauko goro, madugu a gaba, zangon da suka riƙa yada wa shi ne asalin zangunan da Hausawa ke zaune a Ghana har gobe. Kano gari ne na masu YI kafin ya zama na masu sayar da kayan wasu.

Kuma in za a koyar a koyar da gaskiya, a faɗa musu akwai gumin bayi a cikin arzikin nan, a rinji, wato ƙauyen bayi, da gandaye, kuma an sayar da mutane a kasuwa. Yaro ba ya karyewa don an faɗa masa gaskiya.

Yanzu mu dawo kan dalar gyaɗar, a nan ne na san wasu za su ce na taɓo musu abin alfahari. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa auduga suke hari don masaƙunsu na Ingila, amma manomi da ɗan kasuwar Kano suka yi lissafinsu suka ga gyaɗa ta fi kawo kuɗi kuma in farashi ya faɗi ko ba komai za a ci, sai suka juya ga gyaɗa. Wannan kaɗai darasi ne, talakan da ba shi da boko ya karanta kasuwa ya ƙi bin tsarin mai mulki. A nan irin su Alhassan Ɗantata suka yi fice, mutumin Bebeji da ya fara da fataucin goro, ya rasu a 1955. Amma ita dalar kanta buhuna ne aka jibge suna jiran jirgin da zai kwashe su zuwa Legas, wani lokaci ma tsawonta alama ce ta jirgi ya kasa kwashewa. Ɗanyen kaya muke turawa, a matse mai a can. Mu da muke fitar da riga ɗinkakkiya mun koma fitar da gyaɗa a buhu, muna kuma ta sa hoton a kalanda.

Sannan a gaya musu yadda ta rushe, fari na farkon shekarun 1970, cutar da ta cinye gyaɗa a 1975, kuɗin fetur da ya sa gwamnati ta juya wa noma baya. A gaya musu masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa sun taɓa cika da ma'aikata ana canjin shifta dare da rana, su tambaya da kansu me ya kashe masaƙun, rashin wuta ne ko atamfar waje ce ko duka, me ya sa yau Kantin Kwari cike take da yadi amma mafi yawansa daga Chana.

Na san malamai za su ce babu kuɗin mota babu lokaci, manhaja ta cika. Na yarda aikin ya yi musu yawa. Amma aikin gida guda ɗaya fa, je ka tambayi kakanka ko kakarka da wace sana'a aka riƙe gidanku, ka rubuto shafi ɗaya, wannan bai buƙatar ko sisi. Mu iyaye kuma da muke iya kai su shan askirim duk Asabar, Gidan Makama na kayan tarihi na nan, Kurmi na nan.

Ita dai mai tambayar na yi mata alkawarin Asabar ɗin nan za mu je wajen kakan nata ya ba ta labarin awo da bakinsa tun yana iyawa, daga can mu wuce kasuwar Dawanau ta ga yadda ake loda riɗi da zoɓo a tirela. Har ta riga ta tambaye ni ina ake kai su, na ce ta ajiye tambayar ta yi wa masu lodin.