Tsagewar bodin babur: gyara da sani ya fi jefarwa, ya fi faci

Tun da na baro gida na zo nan ƙasar waje, na ga hanyoyi biyu na fuskantar robar da ke rufe jikin babur idan ta tsage, kuma babu wadda ta gamsar da ni. A gida an fi huda gefe biyu na tsagin a ɗinke da waya, ko a tsiyaya sufa gulu a ci gaba da tafiya. A nan kuwa da yawa ba sa ma tsayawa dubawa, sai a cire fallen gaba ɗaya a jefar a sayo sabo. Da farko na ɗauka wannan shi ne ci gaba. Yanzu ina ganin almubazzaranci ne, domin yawancin tsagin yana gyaruwa har ya yi ƙarfi kamar da.

Amma ban yarda da facinmu ba. Sufa gulu idan ya bushe gautsi gare shi, babur kuwa kullum cikin girgiza yake, shi ya sa tsagin ke sake buɗewa bayan ɗan lokaci. Ɗinkin waya yana riƙewa, sai dai kowane hujin da aka yi wata ƙofa ce ta sabon tsagi.

Abin da na koya daga masu gyara da kansu a nan shi ne a fara sanin irin robar. A juya fallen a duba cikinsa, galibi akwai tambari kamar >ABS< ko >PP<, wato sunan irin robar a taƙaice. Bodin waje mai fenti yawanci ABS ne, baƙaƙen robobin ciki kuma sau da yawa PP ne. Idan babu tambari, a yanki ɗan ɓarɓashi daga wurin da ba ya nunawa a jefa cikin ruwa: PP yana tasowa sama, ABS yana nutsewa. Wannan bambancin shi ne kusan rabin aikin, saboda PP ba ya kama gam na yau da kullum, sai dai walda, wato a narkar da roba a haɗe tsagin, kuma roba ba ta haɗuwa da kyau sai da irinta.

Daga nan sai a wanke wurin, a kankare fenti a kusa da tsagin, a yi ɗan huji mai faɗin milimita 2 ko 3 a daidai inda tsagin ya ƙare domin ya daina ci gaba. A sassaƙa bakin tsagin ta ciki ya zama ɗan kwari, a daidaita gefen biyu a riƙe su da tef ta waje. Sai a ɗauko ƙarfen soda irin na masu gyaran rediyo, ko injin iska mai zafi, a narkar da siririn yanki na roba iri ɗaya ya cika kwarin. A nan ne haƙuri ke da amfani. Robar narkewa ake so ta yi, idan ta fara hayaƙi ta yi baƙi to ta ƙone, ba za ta riƙe ba. Wurin da ke ɗaukar nauyi, musamman kunnuwan da ake ɗaura noti, a nutsar da ɗan ragar ƙarfe mai laushi cikin robar tun tana da zafi. Kuma a yi aikin a fili, tururin robar nan ba abin shaƙa ba ne.

ABS yana da wani sauƙin: yana narkewa cikin asiton, ruwan sinadarin nan da ake goge fentin farce da shi. A zuba guntayensa cikin kwalba da asiton su kwana, su zama kamar kunu mai kauri, a shafa ta ciki kaɗan-kaɗan, kowane shafi ya bushe kafin na gaba. Faiba kuwa, wato zaren gilas da ake haɗawa da gam, a bar shi ga bodin da aka yi da faiba, domin a kan roba ɓarewa yake yi.

Kafin a mayar da fallen, a duba zobban robar da ke ƙarƙashin noti. Idan sun bushe ko sun ɓata, ko aka matse noti fiye da kima, to daga nan tsagin ya faro, kuma in ba a canja su ba zai dawo kusa da inda aka gyara.