Daren da ta ce ta bari, ina za ta kwana?

A wani dare na watan Janairu, a wata hanya da ke bayan birnin Torino na ƙasar Italiya, inda gidaje ke ƙarewa sai rumbunan ajiyar kaya da katangun masana'antu, wata yarinya 'yar Najeriya da ke karuwanci a gefen titi ta buɗe ƙofar motar masu aikin bishara ta shiga, ta ce ta gaji, su tafi da ita. Sanyin ya kai ruwa na daskarewa a gilashin mota, ita kuwa siket ɗinta bai kai gwiwa ba, abin jin ɗuminta wani tsohon gwangwanin fenti ne da aka hura wuta a ciki. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ba wanda ya ruɗe a motar. Tsohuwar sistar da ke gaba ta buga waya sau ɗaya, aka ce akwai gado. Kafin gari ya waye yarinyar tana wani gari dabam, an cire layin wayarta, an sa ranar da za ta ga likita da lauya. Tambayar da ke cina tun daga nan ita ce: da a bayan wata tasha ta gida aka yi haka, yarinya ta ce ta bari da ƙarfe ɗayan dare, ina ekklisiyarmu za ta kai ta ta kwana?

Aikin nan ba jiya aka fara shi ba. Fada Oreste Benzi na garin Rimini, wanda ya rasu a 2007, ya yi shekaru yana fita titi da dare cikin tsohuwar rigarsa ta limanci, kuma ƙungiyar da ya kafa mai suna Papa Giovanni XXIII har yau tana fita. Sista Eugenia Bonetti ta yi shekara 24 tana aikin mishan a Kenya, ta dawo Italiya, a 1993 sai ta tarar Afirkar da ta baro tana tsaye a gefen titunan Torino. A Kaserta, can kudu kusa da Napoli, sistoci sun buɗe gidan da ake kira Casa Rut a 1995, daga baya suka kafa shagon ɗinki inda matan da suka bar titi ke ɗinka jakunkuna da atamfa. A 2009 aka haɗa sistocin da ke wannan aiki a ƙasashe da dama ƙarƙashin inuwa ɗaya mai suna Talitha Kum. Yawan aikin kuwa ba wasa ba ne. Hukumar kula da ƙaura ta duniya ta ƙirga matan Najeriya kusan 1,500 da suka sauka Italiya ta teku a 2014, a 2016 sun haura 11,000, ta kuma yi kiyasin cewa kusan kashi 80 cikin 100 safararsu aka yi domin karuwanci.

Fitar dare tana da ƙa'ida, wanda ya raina ta kuwa yarinyar ce za ta biya da jikinta. Mutum uku ko huɗu ne a mota, aƙalla biyu mata, kuma namiji ba ya sauka shi kaɗai. Direba ba ya kashe mota. Dole a samu mai jin Turancin buroka, in da hali wadda ita ma ta taɓa tsayawa a titin, domin yawancin 'yan matan daga jihar Edo da kewayenta suke. Kayan aikin filas ɗin shayi mai zafi ne, da biskit, da safar hannu lokacin hunturu, da ɗan kati ƙarami wanda za a iya cusawa cikin takalmi, ba tambarin coci a jikinsa, lambar waya kawai. Akwai lambar gwamnati ta kyauta, 800 290 290, wadda ake ɗagawa dare da rana ba tare da an tambayi suna ba. Ba a wuce minti biyar zuwa goma wajen mace ɗaya, saboda akwai ido a kanta: ko wata a cikin 'yan matan tana kai rahoto ga madam, wato matar da ta yi safararsu take karɓar kuɗinsu, ko wani yana zaune a mota daga nesa. In aka daɗe, ta rasa kuɗin daren, duka ke jiranta a gida. Ba a ba da kuɗi, domin hannun madam zai faɗa. Ba a ɗaukar hoto ko da don a nuna wa masu ba da taimako ne. Sannan rana ɗaya ce a mako, lokaci ɗaya, mota ɗaya, fuskoki ɗaya, wata da watanni, har yarinyar ta gane waɗannan ba 'yan sanda ba ne, ba kuma 'yan jarida ba.

Masu zuwa sababbi daga gida sukan yi tuntuɓe a nan. Mutum ya sauko da Littafi Mai Tsarki a hannu, ya fara da "ki tuba", sai yarinyar ta ƙarasa masa ayar da ka. Yawancinsu 'yan coci ne, wasu 'yan mawaƙa ne a garinsu, Zabura na cikin jakarsu. Sun san zunubi ne. Abin da ya ɗaure su igiya uku ce, kuma ba wadda ihu yake tsinkawa.

Ta farko bashi. Ana gaya wa yarinya a gida cewa za ta biya dubu 30, ta ɗauka naira ce ko ta kasa lissafa abin da Yuro dubu 30 yake nufi, wani bashin ma yakan haura dubu 50. A titi kuwa namiji ɗaya Yuro 20 ne, wani lokaci 10. A yi lissafi: Yuro dubu 30 a kan 20, maza 1,500 ke nan, kafin a sa kuɗin ɗaki, da na abinci, da na hayar ɗan gefen titin da take tsayawa, wanda shi ma madam ke karɓa. Ta biyu rantsuwa. Kafin ta taso an kai ta wajen boka, an ɗebi gashinta da farcenta da ɗan kamfanta, ta rantse cewa in ta gudu ko ta tona, hauka ko mutuwa. Turawa da yawa sun ɗauki wannan almara, shi ya sa suka daɗe suna mamakin yadda yarinya za ta samu mafaka ta kasa barci, ta ce wani abu na yawo a cikinta, ta koma. A watan Maris na 2018 Oba na Benin, wato sarkin Birnin Benin na jihar Edo, Ewuare II, ya tara bokaye ya warware waɗannan rantsuwoyi, ya la'anci masu safarar, kuma masu aikin titi sun ga 'yan mata da dama sun samu ƙarfin zuciya bayan nan. Ta uku ita ce gida: madam ta san ƙofar gidan uwarta, uwar kuma tana jiran kuɗin ƙarshen wata.

Inda Italiya ta yi mana nisa shi ne dokarta ta shige da fice ta 1998, sashe na 18. Mace da aka yi safararta za ta iya samun takardar zama ta wucin gadi, a sabunta mata, daga baya a juya ta zuwa takardar aiki ko karatu. Hanya biyu ce. Ko ta kai ƙarar madam, mai gabatar da ƙara ya nema mata, ko kuwa ƙungiyar da ta karɓe ta ta nema mata a hedikwatar 'yan sanda ba sai ta tsaya gaban kowa ta ba da shaida ba. Hanya ta biyun tana kan takarda, amma wasu ofisoshin sukan ja ƙafa sai sun ga ƙara. Asibiti ma akwai wata lamba da ake bai wa marar takardu ya ga likita, kuma doka ta hana ma'aikatan lafiya kai sunansa ga 'yan sanda. Shi ya sa matakin farko da yawanci yarinya ke yarda da shi rakiya ce zuwa gwajin jini ko awon ciki. A zaman jiran likita, nesa da idon madam, a nan ake jin sunanta na gaskiya da shekarunta na gaskiya, waɗanda sau da yawa ba su kai 18 ba.

Gidan farko ɓoyayye ne, 'yan makonni, ba waya, ba fita ita kaɗai. Daga nan a mayar da ita wani gida, galibi a wata jiha, ta fara koyon Italiyanci, ta zauna jarrabawar ƙaramar sakandare, a nema mata koyon aiki a otal ko gidan burodi ko kula da tsofaffi, da ɗan alawus. Sannan ɗaki na haɗaka da wasu mata, kafin ta tsaya da ƙafarta. Duka yakan ci shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Da yawa suna gudu a makonnin farko, dalilan kuma sanannu ne: an karɓe waya, zaman shiru, taliya safe da dare, takarda ta ƙi fitowa, sai uwa ta samu hanyar kira tana kuka an zo an yi musu barazana. Gidajen da suka san aiki ba sa rufe ƙofa. In ta dawo karo na biyu, gadonta na nan. Tun da aka rage kwale-kwalen Libiya a 2017, sannan korona ta zo, sana'ar ta koma cikin ɗakunan haya da intanet, inda mota da filas ba sa kaiwa, masu aikin na ta neman sabuwar dabara.

Ba na cewa ƙasar nan tsarkaka ce. Waɗanda ke tsayar da mota su sauke gilashi su tambayi farashi 'yan ƙasa ne, masu aure, wasu da kujerar jariri a bayan mota. Fafaroma Francis da kansa ya nemi gafara a 2018 saboda 'yan Katolika masu wannan aika-aika, bayan wata 'yar Najeriya da ta kuɓuta, Blessing Okoedion, ta yi masa tambaya a kan haka a bainar jama'a. Amma ko wannan ya fi namu, don aƙalla an ambaci namijin. A gida yaushe aka taɓa sa dattijon da aka gani yana fitowa daga gidan magajiya a ƙarƙashin horo? Yarinyar da ta yi ciki ita ke komawa bencin baya. In an yi samame, ita ake lodawa a mota a nuna a talabijin. In an yi taron farkawa ta fito gaba tana kuka, sai a ɗora mata hannu, a yi waƙa, a rubuta ta cikin adadin waɗanda suka tuba, taro ya watse, ta koma ɗakin da ta fito domin nan ne kaɗai katifarta take, kuma mai ɗakin na binta kuɗin mako. Mun karanta Matta 21 inda Yesu ya ce masu karɓar haraji da karuwai za su riga manyan malamai shiga Mulkin Allah, mun san Rahab na cikin asalinsa, amma a kasafin kuɗin ekklisiya akwai tayil da janareto da motar fasto, babu ɗaki ɗaya.

Za a ce ai Turawa kuɗi gare su. Gaskiya ne gwamnatinsu na biyan wani kaso. Amma ɗaki biyu a gidan wata gwauruwa amintacciya, buhun masara, keken ɗinki, kuɗin gwaji a asibitin mishan, da lauya ɗaya daga cikin 'yan ekklisiya, wace gunduma ce baikon wata guda ba zai ɗauke wannan ba? Sistocin Najeriya sun yi a Birnin Benin, suna da gidan karɓar waɗanda aka dawo da su. Hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane a Najeriya, wadda aka kafa a 2003, tana da matsugunai, sai dai zaman na ɗan lokaci ne, bayansa dole wani ya karɓa.

Kuma abin da ke ƙona mini rai, muna da abin da su ba su da shi. Gidajen nan na Italiya tsaf suke, da ɗumi, da komai, amma kaɗaici na kashe 'yan matan. Ma'aikaciya na tashi ƙarfe biyar. Maƙwabci ba ya gaishe ka a matakala. Ranar Lahadi coci minti arba'in da biyar ne, tsofaffi ashirin, ba ganga, kowa ya kama gabansa. Ina ma a ce iyayenmu mata na Zumunta, ƙungiyar matan coci, ne suka kewaye yarinya ɗaya daga cikin waɗannan, da anko ɗinsu da tulunsu da kacau-kacau, waɗanda in an yi rasuwa sukan kwana bakwai a gidan, in an haihu su zo da itace da garin kunu. Mace da ta yi shekara uku ba wanda ya kira ta "'yata" ba takarda kaɗai take nema ba. Duk wanda ya yi hunturu ɗaya a nan ya san darajar a buga maka ƙofa ba tare da an yi alkawari ba. Iyayenmu mata, ku kuka fi kowa iya wannan, sai dai ƙofar Zumunta ta masu aure ce da masu mutunci, wadda ta fi bukata tana waje.

Kada kuma mu ce matsalar 'yan kudu ce. Hanyar da ta kawo su ta cikin gidanmu ta bi: Kano, Zinder, Agadas, sannan Sabha a Libiya. A tashoshinmu suka kwana, da Hausa aka yi cinikin motarsu, masu shayi da 'yan kamasho sun gan su, 'yan mata biyar shida da mace ɗaya mai riƙe da wayoyinsu duka. Namu 'yan matan ma ana kwasarsu da sunan aikatau zuwa Libiya da ƙasashen Larabawa, wasu daga sansanonin gudun hijira, Kirista da Musulmi. Ekklisiyoyin Sabon Gari da masallatan da ke bakin tasha za su iya sa mata biyu su riƙa zagayawa da yamma, da lambar NAPTIP a hannu, su san direbobi da shugabannin tasha. Tare yarinya a Kano ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan ciro ta daga titin Torino da bashin Yuro dubu 30 a wuyanta.

Sai kuma wadda aka dawo da ita hannu wofi. Sau da yawa a filin jirgi ba wanda ya zo tarbarta, a gida ana ce mata ta zubar da damar da wasu ke nema, alhali wadda ta gama biyan bashi ta zama madam ita ma, ta turo kuɗi aka yi rufin coci, an kira sunanta a taron godiya. Fastoci da dattawa su fara tambayar inda babban baiko ya fito kafin su karɓa, su kuma je gidan iyayen wadda ta dawo tun kafin ta iso, su zauna da su, domin ranar da ta shigo da jaka ɗaya a samu wanda zai ce mata sannu da zuwa.